Wasiƙa daga Holand kan kasuwar shukokin cikin ɗaki

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ga bayanin da kika nema kan kasuwar shukokin cikin ɗaki a nan Holand.

A ƙasar nan shuka babbar sana'a ce. A Aalsmeer, dab da Amsterdam, akwai kasuwar gwanjon furanni ta Royal FloraHolland, wadda ke cikin mafi girma a duniya, shi ya sa ko a babban kanti za ki tarar da tukwanen shuka jere a bakin ƙofa. Na kantin sun fi araha, sai dai ba mai gaya miki yadda za ki kula da su. Mai son shawara gidajen lambu irin su Intratuin yake zuwa. Tun Disambar 2019 kuma dokar Tarayyar Turai ta ƙarfafa batun fasfon shuka, ɗan rubutun da ke jikin tukunya mai nuna ƙasar da ta fito.

Inda masu tara shukoki ke tafka muhawara shi ne ganye mai roɗi-roɗin fari da kore. Monstera albo ita ce 'yar gaban goshi, musamman tun zaman kullen korona na 2020 da farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Farinta ba shi da tabbas: sabon ganye kan fito kore shar, wani kuma fari fat. Farin nan ba ya sarrafa hasken rana ya zama abinci, don haka shi ke fara ƙonewa daga gefe, balle a Disamba da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi. Thai Constellation kuwa, wadda ita ma wani nau'in Monstera ne, a ɗakin gwaji ake hayayyafa ta cikin kwalabe, roɗinta ba ya gushewa. Wasu na raina ta, wai ta zama gama-gari. Ni dai ita nake so, domin ba ta sa mutum zullumi. Irin wannan hayayyafar ce ta karya farashin Philodendron Pink Princess, wata shuka mai roɗin ruwan hoda.

Wajen dasa reshe ma ra'ayi ya bambanta. Masu sawa a ruwa na jin daɗin ganin saiwa na fitowa, masu gansakuka kuma sun ce tasu ta fi jure komawa ƙasa. Abin da kowa ya yarda da shi, a irin su Monstera da Philodendron dole yankan ya haɗa da gaɓa mai ido. Wata mai sayarwa a intanet ta taɓa aiko min ganye ba gaɓa. Ya yi wata da watanni a kofi bai tofo ba, abin ya ba ni takaici ƙwarai.

Moda ma, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, tana da daraja a nan. Mai ruwan ɗorawa a gefe in aka dasa yankan ganyenta kore zalla take fitowa, sai an raba ta daga saiwa launin ke tsayawa.

A gaida yara da mutan gida.