Oba-oba shida ko wayar satalayit ɗaya? Hajiya ki ɗauki oba-oba

Hajiya barka da war haka. Oba-oba, wato rediyon hannu da ake magana da juna da shi, guda shida ko wayar satalayit ƙwaya ɗaya don asibitin haihuwarki na Ƙauran Namoda kika ce, kuma kuɗin ba za su ɗauki duka biyu ba. To ni dai ba zan yi miki kwana-kwana ba, ki sayi oba-oba. Duka biyun sun ratsa hannuna, ɗaya har gobe tana rataye a ƙusa kusa da firjin allurai a kilinik ɗin yayana nan Gusau an ɗaure batirinta da roba, ɗayar kuwa tana cikin durowa tare da tsofaffin rasitai, duk ran da na buɗe na gan ta sai raina ya ɓaci.

Kin dai tuna lokacin da aka kashe sabis ɗin waya a jihar Zamfara, 3 ga Satumba 2021, aka ce sati biyu ne, mu na Gusau ba mu sake ganin sanda ko ɗaya a waya ba sai farkon Oktoba, ku na ƙananan hukumomi kuma kuka kai har wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane na biyan kuɗin mota zuwa Funtuwa don kawai su ce wa 'yan'uwa muna nan da rai. Ni ne mai kula da janareto da sola da duk wani abu mai waya a kilinik ɗin, kuma dama tun kafin nan na sayi oba-oba huɗu saboda maigadi da direba, ana ta min tsiya wai na mayar da asibiti caji ofis.

Cikin sati na biyu, wajen ɗaya da rabi na dare, aka kawo wata baiwar Allah daga wajen Damba a bayan a-kori-kura, ta haihu a gida jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ɗaya ce a bakin aiki da wata yarinya mai koyo, sai Baba maigadi. Likita yana gidansa a Tudun Wada, mai gwajin jini yana Samaru, ga shi an hana babura yawon dare. Ba don rediyon nan ba sai dai a tashi Baba maigadi, dattijo mai ciwon gwiwa, ya taka da ƙafa cikin duhu yana amsa tambayar jami'an tsaro a kowace kwana. Ungozomar ta fizgo ta daga ƙusa ta danna, "Likita, likita, ka zo, jini ne." Ni ina kwance a ɗakin janareto tawa na kan ƙirjina, na ji shuuu ɗin nan, can sai muryar yayana cikin barci, "Na ji ki, ki ɗaura mata ruwa, ki ci gaba da murza cikin, ga ni nan." Abin da har yau nake ba da labari shi ne mai gwajin jini ba wanda ya kira shi, amma tunda duk tasha ɗaya muke shi ma ya ji, sai ga muryarsa, "Ni ma na taso." Magana ɗaya ta shiga kunnen mutum uku, ni kuma kafin su iso na tada janareto na kunna fitilun tiyata. Matar ta tashi, bayan suna mijin ya kawo mana zabi biyu, Baba maigadi ya ce ai rediyo ya kamata a ba ɗaya.

Ita kuwa ta satalayit bayan an dawo da sabis ne tsoro ya sa na matsa wa yayana muka saya, kuɗin da ya isa babur. Ba zan ɗauki alhakinta ba, tana aiki, in kin fito tsakar gida kin zaro eriya kin fuskanci sarari za ki samu Kano, ki samu Abuja, har Makka. Amma ranar da aka kashe sabis wa za ki kira da ita a Ƙaura? Likitanki ba sabis, direbanki ba sabis. Ƙwaya ɗaya takalmi ne ƙafa guda. Ba ta kamawa a cikin ɗaki, katinta kuma yana ƙonewa ko ba ki yi kira ba. Iyakar abin da zan ce a kanta ke nan.

Kar ki ce na bar hanya, amma akwai inda aka gwada wannan tambayar taki da rayukan mutane, kuma can ba talauci ne ya hana su sayen kaya ba. Fiziks na karanta a Zariya, kuma a nan jami'ar akwai 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, kilowat 30 kacal, ta fara aiki a 2004, ba ta ba kowa wutar lantarki, to tun lokacin nake bibiyar labaran irin waɗannan tashoshi. Ranar Juma'a 11 ga Maris 2011, ƙarfe 2:46 na rana, girgizar ƙasa mai maki 9 ta afka wa Japan, kafin awa guda igiyar ruwa mai tsayin mita 14 zuwa 15 ta haura katangar tashar Fukushima Daiichi. Tukwane shida ne a wurin, uku na aiki. Janaretocin dizal da aka ajiye a ƙasan gini suka sha ruwa, batura da yawa ma suka tafi, ɗakunan sarrafawa suka yi baƙi ƙirin. Ƙananan wayoyin cikin gida da ma'aikata ke yawo da su duk suka mutu tunda na'urorin da ke haɗa su da wuta suke aiki. Mutum in an aike shi ya dubo wani bawul a cikin gini sai ya dawo da ƙafarsa ya faɗi abin da ya gani, kamar dai yadda muka so mu aiki Baba maigadi. Har batiran motocin ma'aikata aka kwance aka jona don a iya karanta ma'aunin ruwa.

Ga inda abin ya shafe ki. Shugaban tashar, Masao Yoshida, yana iya magana da hedikwatar kamfanin a Tokyo ta bidiyo, wannan layin bai yanke ba. Amma an ɗauki sa'o'i shi da mutanensa suna zaton na'urar sanyaya tukunya ta ɗaya tana aiki alhali ta tsaya, don labarin bai iso gare shi daga ginin da ke cikin harabar da yake zaune ba. Yana jin na nesa, na kusa ya ɓace masa. Can kuma cibiyar gaggawa ta gwamnati da ke garin Okuma, kamar kilomita 5 daga tashar, layukanta suka mutu, wayar satalayit ce ta rage musu, kin ga nan ta yi rana ba zan ɓoye ba, sai dai aikinta ke nan, kai labari waje, ba ita za ta haɗa ki da mutumin da hannunsa ke kan bawul ba. Cibiyar ma ranar 15 ga Maris aka kwashe aka bar ta.

Sai maganar mutane, wadda ba ki tambaya ba amma ta fi rediyon muhimmanci. Shirin gaggawarsu an gina shi ne a kan tukunya ɗaya za ta samu matsala a lokaci guda, sai ga uku sun rikice tare. Kuma sun ci sa'a rana ce ta aiki, akwai ma'aikata sama da dubu shida a harabar, da tsakar dare ne ko ranar hutu Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Bayan shekara guda, 12 ga Maris 2012, hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta rubuta wa duk tashoshin ƙasar ta ce kowa ya zauna ya auna abu biyu, sadarwarsa da yawan ma'aikatansa. Ma'aunin da suka yi aiki da shi ya burge ni don babu lallashi a ciki. Ka ɗauka wuta ta ɗauke gaba ɗaya, duk tukwanenka sun kamu lokaci guda, turakun waya na mil 25 a kewayenka, wato kilomita 40, duk sun mutu, awa 6 na farko ba wanda zai iya shigo maka daga waje, daga nan zuwa awa 24 sai ɗaiɗaiku. To waɗanda ke ciki za su iya? Ko akwai mutum guda da aka ɗora wa aiki biyu da ba sa haɗuwa? Su tunda masu kuɗi ne duka suka saya, rediyo da satalayit da tarin batura da ƙananan janareto na caji, kuma aka koya wa ma'aikata in babban bala'i ya faru waya ta mutu kar ka jira kira, ka kama hanyar wurin aiki.

Hajiya ki ɗauko takardar jadawalin aikin darenki ki yi mata wannan tambayar ta awa shida. Mu da muka yi sai muka ga ungozoma ɗaya ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai ɗaura ruwa, ita ce mai kira, ita ce kuma mai riƙe tocila in sola ta gaza. Hannu biyu gare ta. Yanzu mutum biyu ƙwararru ke kwana, an koya wa Baba maigadi tada janareto, kuma akwai doka ba sai an faɗa ba, duk ranar da sabis ya ɓace ya wuce awa biyu direba a kilinik zai kwana da motar.

Yanzu ga abin da mai shago ba zai gaya miki ba. Oba-oba ta hannu a cikin gari kilomita biyu zuwa uku take yi, a fili ta ɗan ƙara, don ita da abin da ido ke hange take tafiya, gini da tudu suna tare ta. Irin ƙaramar Baofeng UV-5R da ta cika kasuwa wajen wat 5 ce. In kina son ta game Ƙaura duka ki sa a ɗaura miki eriya ta waje a saman tankin ruwa a jona da wadda za ta zauna a asibiti, mu hakan muka yi har Samaru ake jin mu tsaf. Amma daga Ƙaura zuwa Gusau kar ma ki sa rai. Kowace ki saya mata batir na biyu, da caja mai shan wutar batirin sola kai tsaye, kuma a ware rana, mu Juma'a bayan la'asar, kowa ya kira a ji muryarsa, don rediyon da aka jefa a aljihun mota wata uku ranar buƙata gawa za ki tarar.

Kuma ba ta da sirri ko kaɗan, duk mai irinta in ya faɗo tasharku zai ji, waɗancan lambobin da ake cewa na sirri ne ku kawai suke hana jin hayaniyar wasu. Wata rana ungozomarmu ta kira sunan mai naƙuda da na mijinta a rediyo, sai wata murya da ba mu sani ba ta ce "Allah ya raba lafiya", ashe maigadin wani gidan mai ne. Dariya aka yi amma daga ranar lambar gado muke faɗa, kuma ba a faɗin hanyar da likita zai biyo ko ƙarfe nawa, kin san garin da muke.

Don haka ma kar ki raba su kafin ki nemi izinin hukuma ki kuma kai takarda wurin DPO da sojojin da ke shingen kusa da ke, a rubuta sunan asibitin da fenti a bayan kowace, mai riƙe da ita ya riƙa yawo da katin shaidar aiki. A jihar nan mutum da rediyo a aljihu da dare sai ya yi bayani, ta satalayit ma ta fi jawo ido, ko a Borno a 2013 sojoji sun taɓa haramta wayar satalayit ta Thuraya gaba ɗaya.

Masu sayarwa kuma Hajiya sai kin buɗe ido. Za ki ga kwali an buga kilomita 50, wat 18, batir mai lamba dubu takwas, ki ɗaga batirin ki ji kamar ashana babu komai ciki. Wasu su zare batirin asali su sa na banza su sayar miki da na asalin daban a matsayin ƙari. Ni an taɓa haɗa min biyu masu kyau da biyu da ke ji amma ba a jin su, sai da na dawo gida na gane, da na koma yaron shagon ya rantse bai taɓa ganina ba. Kar ki tura wa kowa kuɗi don ya sa hoto a Facebook. A saita miki duka shidan a gabanki, ki ba yaronki ɗaya ya hau babur ya yi nisa yana magana, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta shaƙe a canza ta nan take kafin kuɗi su fita daga jakarki, kuma rasit da lambar jikin kowace.

In nan gaba kuɗi sun samu kina so ki iya sanar da babban asibiti a Gusau cewa ga mara lafiya nan tafe, sai a yi maganar satalayit, shi ma sai in can ɗin akwai mai ɗauka. Tawa ma tana nan in kina so ki gan ta da idonki. In kin sayo oba-oban ki turo direba da su ranar Asabar in duba miki in nuna masa yadda ake ɗaura eriyar, ya haɗo da cajojin duka, kuma ya zo kafin azahar don da yamma ina da aikin sola a Mareri.