Tokyo ko Kyoto, ina ya fi don ganin furen sakura?

Hajiya, kin ce hutun mako ɗaya kika samu a ƙarshen Maris, kina son ganin furen sakura, wato furen bishiyar cherry, a Japan, amma kin rasa inda za ki sauka tsakanin Tokyo da Kyoto.

Ta wajen lokaci tazarar kaɗan ce, Tokyo kan riga Kyoto da 'yan kwanaki. Akwai wata bishiya a harabar wurin bautar Yasukuni da hukumar yanayi ke sa wa ido. Da zarar fure biyar ko shida sun buɗe a kanta, sai a sanar cewa lokaci ya yi a Tokyo. Bayan kamar mako ɗaya bishiyoyi su cika maƙil, mako na gaba kuma iska ta fara kakkaɓe su. Ranar tana motsi: a 2021 Kyoto ta cika fure tun 26 ga Maris, alhali a da sai an shiga Afrilu.

Abin da Japanawa ke kira hanami zama ne a gindin bishiya da 'yan uwa ko abokan aiki, ana ci ana hira, kuma Tokyo ce za ta nuna miki shi yadda yake. A lambun Ueno za ki ga an shimfiɗa shuɗin tamfol, wani lokaci sabon ma'aikaci aka turo tun da sassafe ya kama wa ofis wuri. Sai dai ana shan giya sosai a irin wannan zama, musamman da dare. Shi ya sa nake ba ki shawarar lambun Shinjuku Gyoen, inda aka hana shiga da giya. Bishiyoyinsa sun kai kusan 1,000, iri daban-daban, wasu sai tsakiyar Afrilu suke buɗewa, don haka ko kin makara ba za ki dawo hannu rabbana ba. Masallacin Tokyo Camii ma ba shi da nisa, ga abincin halal ya fi sauƙin samu.

Kyoto ta fi kyau, wannan ba na musu. Ta yi fiye da shekara 1,000 tana fadar sarakunan Japan. Hanyar Tetsugaku no michi, kilomita biyu a bakin magudanar ruwa, da bishiyar lambun Maruyama mai rassa zube da ake haskawa da dare, duk sun cancanci tattaki. Amma garin ya yi wa baƙinsa kaɗan, bas a cike, masauki da tsada. In ba sammako kika yi ba, kawunan mutane za ki fi gani.

Ni dai da ni ce, Tokyo zan sauka, in bar kwana biyun ƙarshe wa Kyoto, tunda furenta na biyo baya. Tsakanin garuruwan biyu, a jirgin ƙasa na Shinkansen awa biyu da kwata ne. Ki kama masaukin Kyoto tun yanzu, kuma ki tafi da rigar sanyi, daren Maris a can ba wasa.