Hattara da mai sayar da "maganin maƙoƙo" a mota

Jama'ar Birnin Kebbi, Jega da Argungu, don Allah ku kula. Akwai wani mutum da ke yawo da mota mai lasifika ranakun kasuwa, yana sayar da wani baƙin ruwa a gorar roba, wai maganin maƙoƙo ne, kwana bakwai an rabu da shi. Gorar ba lambar NAFDAC. Yana kuma da wata 'yar na'ura da ake ɗora mata tafin hannu, nan take ya ce ya ga ciwon.

Ƙanwata ya cuta. Tun bara take ramewa alhali ta fi kowa ci a gidan. Zuciya na bugawa kamar ta yi gudu, hannu na rawa, zufa ko da hunturu, ga rashin barci da saurin fushi, har aka fara cewa iskoki ne. Da aka ɗebi jininta a asibiti aka auna TSH da T4, sinadaran da ke nuna yadda tayiroid ke aiki, likita ya ce tayiroid ɗin, wani ɗan nama da ke gaban wuya, shi ke zubo sinadari fiye da kima. Cutar Graves ce, wadda garkuwar jiki ke tunzura tayiroid ɗin, kuma ta fi kama mata. Aka sa ta kan magungunan carbimazole da propranolol, ta fara murmurewa.

Sai mutumin nan ya karɓi naira 25,000, ya ce ta ajiye ƙwayoyin asibiti don ba a haɗa su da nasa. Bayan sati uku, cikin dare muka kwashe ta zuwa asibiti, jiki kamar wuta, ba ta gane kowa. Allah ne ya yi da sauran kwananta.

Abin da ya fi ƙona min rai, yana tutiya da cewa ruwansa cike yake da aidin. Gaskiya ne rashin aidin na kawo wani nau'in maƙoƙo, shi ya sa ake sa shi a gishiri. Amma ga wanda tayiroid ɗinsa ke aiki fiye da kima, ƙarin aidin na iya rura ciwon. Kumburin wuya ba duka iri ɗaya ba ne, sai awon jini ke rarrabewa.

Carbimazole yakan ɗauki wata 12 zuwa 18, in bai yi ba akwai tiyata. Mai shansa da ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ya garzaya asibiti a ranar. Wanda kuma ya sayi gorar nan, kada ya zubar, ya kai wa jami'an NAFDAC tare da lambar motar in ya riƙe.