Filastar istrojin da raunin tayirod: abin da na gani a jikina

Filastar istrojin (homon, wato sinadarin jikin mata da ke raguwa idan al'ada ta zo ɗaukewa) da ake mannawa a fata ta kwantar mini da zafin ɗaukewar al'ada da ke taso mini, ta kuma dawo mini da barcin dare. Hukuncina ke nan a taƙaice. Amma ba yabo kaɗai ya sa na zauna rubuta wannan sharhi ba. Na daɗe ina shan ƙwayar lebotayiroksin saboda tayirod ɗina, wato ƙullin da ke gaban wuya mai daidaita aikin jiki, ba ya fitar da isasshen sinadari, kuma yawancin abin da ake rubutawa kan ɗaukewar al'ada ana yin sa ne tamkar duk mata jikinmu ɗaya. Mu masu raunin tayirod lissafinmu daban yake.

Nawa raunin irin na Hashimoto ne, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa tayirod ɗin mai ita. An san mu da jin sanyi: kowa yana fifita, ke kina laluben bargo. Haka na yi shekaru. Da na doshi hamsin al'ada ta fara wasa, wani watan ta zo wani ta ƙi, sai ga wani irin zafi da ban taɓa sani ba. Daga ƙirji yake tasowa, ya hau wuya, ya mamaye fuska, zufa ta karyo, zuciya ta hau bugawa. Bayan 'yan mintuna ya sake ni, sai sanyi ya biyo baya har na kama makyarkyata. Na dare ya fi muni. Sai na farka sharkaf, na sauya riga, na kwanta ido biyu har gari ya waye.

Da na je wurin likita na zaci maganin zafin za ta rubuta mini nan take. Ba ta yi haka ba, gwajin jini na TSH ta fara tura ni, kuma wannan ne matakin da na fi gode mata a kai. Dalilinta shi ne idan lebotayiroksin ya yi wa jiki yawa, yana kawo zufa, rashin jure zafi, bugun zuciya, rawar hannu da rashin barci. Kusan duk waɗannan ɗaukewar al'ada ma tana kawo su. Idan aka ɗora istrojin ba a duba ba, ana iya maganin abin da ba shi ne ciwon ba.

TSH sinadari ne da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa yana umartar tayirod ya yi aiki. Idan sinadarin tayirod ya yi ƙaranci a jini, TSH yakan hau. Idan ya yi yawa, yakan sauka. Galibin ɗakunan gwaji suna ɗaukar kimanin 0.4 zuwa 4.0 a matsayin daidai. Nawa ya faɗo ƙasa da haka, wato ƙwayar da ta dace da ni a da ta fara yi mini yawa. Aka rage mini kaɗan, aka ce na jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake gwaji, domin maganin yana daɗewa a jiki, sai ya yi kusan mako guda kafin rabinsa ya fita. Jiran ya yi mini tsawo ƙwarai, amma da shi muka raba gardama. Rawar hannu ta tafi, bugun zuciyar da nake ji ko ina zaune ya lafa, ɗumin da ke tare da ni dare da rana ya sauka. Zafin da ke zuwa kwatsam ya tafi kwatsam kuwa yana nan daram. Wannan na ɗaukewar al'ada ne.

Kada a raina yawan lebotayiroksin a waɗannan shekaru. Yana cin ƙashi a hankali, yana iya rikita bugun zuciya, ga shi kuma a daidai lokacin ne raguwar istrojin ke nata cin ƙashin. Wani abu kuma, tunda zubewar gashi ta dami da yawanmu: masu shan bitamin ɗin bayotin don gyaran gashi da farce su faɗa wa likita, domin yana iya ruɗa na'urar gwaji ta nuna TSH ya sauka alhali bai sauka ba. Ana dakatar da shi aƙalla kwana 2 kafin a ɗebi jini.

Sai zaɓi tsakanin ƙwayar istrojin da filasta, kuma a nan ne matsalar tayirod ta yanke mana hukunci. Istrojin da aka haɗiya sai ya bi ta hanta kafin ya zagaya jiki. Idan ya isa can, hanta takan ƙara yin wani furotin mai suna TBG, wanda aikinsa riƙe sinadarin tayirod a cikin jini. Wanda aka riƙe kamar kuɗi ne a cikin asusu: naki ne, amma ba za ki iya kashe shi yau ba. Mace mai lafiyayyen tayirod sai nata ya ƙara aiki ya cike giɓin. Mu kuwa abin da muka haɗiya da safe shi ne iyakar abin da muke da shi. Wani bincike da Baha Arafah ya wallafa a 2001 a mujallar New England Journal of Medicine ya nuna cewa mata masu raunin tayirod da suka fara shan ƙwayar istrojin, wasunsu sai da aka ƙara musu maganin tayirod. Filasta tana ratsa fata ta shiga jini kai tsaye, ba ta tayar da TBG yadda ƙwaya ke yi. Haka kuma haɗarin daskarewar jini a jijiya ya fi sauƙi da ita. Bayan na sha wahala kafin TSH ya zauna, ban so abin da zai sake girgiza shi ba.

Filastar kanta 'yar ƙarama ce, shara-shara, tana sakin maikirogiram 50 na istradiyol, wani nau'in istrojin, a kowace rana. Akwai masu 25, 75 da 100. Tawa sau biyu ake sauya ta a mako. Ana manna ta a mara ko a ɗuwawu, ba a taɓa sa ta a nono, kuma kowane sauyi sai a koma wani wurin. Tunda mahaifata tana nan, dole na haɗa da furojestaron, wani homon da ke kare bangon mahaifa, domin istrojin shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa, yana ƙara haɗarin kansar mahaifa. Da dare nake shan sa, kuma yana sa ni jin barci, abin da ni kam na yi maraba da shi.

Ba ta yi aiki a ranar farko ba, ba ta yi a makon farko ba. A hankali zafin ya riƙa jinkirta zuwa, idan ya zo ma ba ya kai wa fuska. Gumin dare ne ya fara ɗaukewa. Wajen wata na uku na lura na daina zaɓen wurin zama kusa da taga, na daina fargabar tsayawa gaban mutane ina magana. Aka sake gwada TSH, yana nan inda muka bar shi.

Tana da aibu, kuma zan faɗe su. Babba shi ne manni. An yi ta ne don mace mai zufa, amma zufa ce ke ɗaga gefenta, musamman a makonnin farko kafin ta fara aiki. Ga kuma matsalar da ta shafe mu musamman: raunin tayirod yana busar da fata, don haka ba ma rabuwa da man shafawa, filasta kuwa ba ta kama fatar da ta sha mai. Sai na ware wurin da ba na shafa wa komai, na jira jiki ya bushe sarai bayan wanka, na danne ta da tafin hannu na ɗan lokaci. Idan na cire takan bar jan shaci mai ƙaiƙayi na kwana ɗaya ko biyu, da baƙin zobe na gam da zaren tufafi ya manne a kai. Ɗan mai a auduga yana goge shi. A watannin farko nonona ya yi ta ciwo, na kuma ga ɗigon jini jefi-jefi, daga baya duka suka wuce. Ranakun sauyi sai da na sa wa waya ƙararrawa.

Akwai abin da ba ta taɓa ba sam. Ƙafafuna har yanzu suna sanyi, nauyin jikina bai motsa ba, kuma gajiyar da ta ragu ina ganin barcin da na samu ne ya rage ta. Duk wadda ke tsammanin filasta za ta gyara mata tayirod, ba aikinta ba ne.

Ka'idar shan lebotayiroksin da safe ma ba ta sauya ba: ciki babu komai, da ruwa zalla, a jira minti 30 zuwa 60 kafin a karya. Da aka ƙara mini kalsiyam saboda ƙashi sai na mayar da shi yamma, domin shi da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe suna hana hanji tsotse lebotayiroksin idan ba a raba su da awa 4 ba.

Ina jin ciwo idan aka ce wa mace ta yi haƙuri, zai wuce. Wani babban bincike kan lafiyar mata mai suna SWAN da aka yi a Amurka ya nuna a 2015 cewa a cikin matan da zafin ke yawan taso musu, rabi sun haura shekara 7 suna fama. Shekara 7 babu isasshen barci ba ƙaramin abu ba ne, balle ga wadda dama take jan jiki da gajiyar tayirod.

Duk da haka ba kowa filastar ta dace da ita ba. Wadda ta taɓa yin kansar nono, ko daskarewar jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko take da ciwon hanta, ko zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, maganarta daban ce. Istrojin haɗe da furojestaron na tsawon shekaru yana ɗan ƙara haɗarin kansar nono, kuma likitata ba ta ɓoye mini wannan ba. Ga waɗanda ba za su iya ba akwai magungunan da ba na homon ba, irin su gabafentin, da wasu magungunan damuwa a ƙaramin awo, da fezolinetan da aka amince da shi a Amurka a 2023, wanda ke buƙatar a riƙa gwada lafiyar hanta.

Ni dai zan ci gaba da ita. Mun yi da likita za mu riƙa zama sau ɗaya a shekara mu duba hawan jini, nono da TSH, mu ga ko lokacin saukowa zuwa 25 ya yi. Ta kuma ja mini kunne cewa idan wata rana filastar ta yi wuyar samu aka mayar da ni kan ƙwayar istrojin, na koma gwajin TSH bayan mako 6 zuwa 8, ko da ina jin lafiyata ƙalau.