Madubin hangen nesa na kallon tsuntsaye da hunturu: wanne ya dace da Sakkwato?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan Rima kan ja baya ya bar laka da yashi, tsuntsaye su taru. Wanda ya tsaya kusa da gadar Kwalkwalawa bayan sallar asuba zai ga zalɓe tsaye cak cikin ruwa, ga belbelu, ga kirinjijiya. A tafkin Kware da dam ɗin Goronyo har baƙin agwagi ake samu, waɗanda suka ƙetaro Sahara daga Turai. Ido kaɗai ba ya isar da mutum.

Kowane madubi da lambobi biyu a jikinsa. Idan ka ga 8x42, yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42 ne. Masu saye sun fi ruɗuwa da girman lambar farko, ni ma haka ta faru da ni: na taɓa sayen wani mai jan gilashi da aka rubuta wa 20x50. Hannu na ɗan motsawa, tsuntsun ya ɓace. Kafin sanyi ya wuce ƙura ta cika cikinsa, ba ta goguwa.

Shi ya sa nake cewa 8x42. Yana nuna fili mai faɗi, yana da haske da duku-duku, nauyinsa wajen giram 700 ne. 10x42 ya fi amfani a Goronyo inda agwagi ke can tsakiyar ruwa, amma ranar da hazo ya sauko, hazon kawai zai ƙara maka girma. 10x50 kan kusanci kilo guda, wuya za ta gaya maka kafin hantsi, balle in za ka hau tudu. 8x32 na yara ne da mai yawan tafiya a ƙasa.

Abin da ya fi lamba muhimmanci a garinmu shi ne a ce madubin rufaffe ne, ruwa ba ya shiga, don inda ruwa bai shiga ba ƙura ma ba ta shiga. Kamfanonin Nikon da Celestron duk suna da irinsa. Kada ka goge gilashi da bakin riga. Hure ƙurar tukuna, in ba haka ba ka karce shi.

Na hannu ma ba laifi, in ka gwada. Fita ƙofar shago ka duba wayar lantarki daga nesa. Idan ta rabu biyu, ko idanunka suka fara ja, miƙa wa mai shago kayansa.