Gargaɗi ga masu kiwon agwagi: wani mai kiran kansa Dakta ya ci min N34,500

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Raina a ɓace nake wannan rubutun, ku yi haƙuri idan maganar ta zo a hargitse. Naira 34,500 wani mutum ya karɓe min da sunan maganin ƙafar 'yan agwagi. N18,500 kuɗin magani, N4,000 kuɗin mota, sannan N12,000 wai kashi na biyu. Ku haɗa da kanku, N34,500. Guda biyu sun mutu, ɗaya ƙafarta ta karkace ba za ta ƙara miƙewa ba, shi kuma ya toshe ni a WhatsApp ya ci gaba da tallarsa kamar bai yi komai ba.

Tun yanzu ina roƙon masu shirin cewa "ke ma da garaje" su karanta har ƙarshe. Ni ba yau na fara kiwo ba. Shekaru ina da agwagi a bayan gida, na sayar da ƙwai, na sayar da toraye lokacin salla, kuma na sha korar masu shigowa akwatin saƙona da tallar maganin da ke warkar da komai. Na san kalarsu. Wannan bai zo da kalarsu ba, shi ya sa nake rubutawa.

Uwar ta yi kwancinta na kwana 35 kamar yadda agwagin gida ke yi, ta ƙyanƙyashe 14, duk lafiya lau. Da suka shiga sati na uku sai na lura ɗaya tana zama a baya. Idan sauran suka ruga wajen ruwa, ita sai ta yi taku kaɗan ta durƙushe a kan gwiwoyinta, ta huta, ta sake yunƙurawa. Da na ɗaga ta na duba, gwiwar a kumbure, ƙafafun sun fara buɗewa waje kamar baka. Amma tana ci, idonta garau, babu zawo, babu majina. Kafin in ankara wasu uku sun bi sahu. Ta farkon kuma ta kai da fukafukai take jan jiki zuwa kwanon ruwa, ƙirjinta duk ya yi dauɗa. Duk mai kiwon da ya taɓa ganin haka ya san yadda zuciya ke yi. Na ɗauki bidiyo na saka a wani zauren masu kiwon kaji na Facebook ina neman shawara.

Amsoshi suka yi ta zuwa. Wani ya ce farar masassara ce, wani ya ce sanyi ne in shafa man zafi, wata ta ce in jiƙa musu maɗaci. Shi bai rubuta komai a ƙarƙashin bidiyon ba. Ta akwatin saƙo ya biyo ni, da sallama cikakkiya. Hotonsa farar riga irin ta likitoci, yana riƙe da kaza. Ya ce, "Hajiya, kafin ki ba su komai, me suke ci?" Na ce dusar masara da tsaki, sai ɗan abincin 'yan tsaki idan ya samu. Ya ce, "Suna cin abinci sosai ko? Kuma manyan cikinsu ne suka fara kwanciya?" Wallahi nan jikina ya yi sanyi, don manyan ne. Ban faɗi haka a bidiyon ba. Manyan ne suka fara.

Sai ya turo saƙon murya, a natse, ba gaggawa. Ya ce, "Hajiya kwantar da hankalinki, wannan ba annoba ba ce, ba za su shafa wa kajinki ba. Ƙarancin bitamin B3 ne, wanda ake kira niyasin. Agwagwa ta fi kaza buƙatarsa, masara kuma ba ta ba ta." Na saurari saƙon nan har na haddace shi. Yanzu ma da dare idan na kwanta shi ke dawo min, muryar nan da "kwantar da hankalinki, Hajiya". Ku gaya min tsakani da Allah, wa zai ji wannan ya ce ɗan damfara ne? Bai tambaye ni ko kwabo ba a ranar. Har cewa ya yi in cire su daga kan tayil in shimfiɗa musu buhu saboda santsi, kuma wannan ma gaskiya ce. Duk abin da ya faɗa game da ciwon gaskiya ne, likita na gaske ya tabbatar min daga baya. Da gaskiya ya kama ni.

Ƙaryar guda ɗaya ce, kuma ita ce ta kashe min agwagi. Na tambaye shi, ni da bakina na tambaye shi, "Dakta, to ba zan iya sayen bitamin a kemis ba?" Ya ce, "A'a Hajiya, kul! Na mutane ya yi musu ƙarfi, hantarsu zai ƙona, kafin safiya ki kwashi gawa." Ya ce akwai nasu na musamman da ake shigowa da shi daga waje, shi kaɗai ke da shi a Arewa, saura kwalba kaɗan, N18,500. Ya ce ya yi aiki a Vom, cibiyar nan ta binciken cututtukan dabbobi da ke jihar Filato. Kowa ya san Vom, wurin da ake yin rigakafin kaji. Ba ruwan cibiyar da shi, sunan kawai ya ara don ya san yana da nauyi a kunnen mai kiwo.

Kuma kada wani ya ce ban bincika ba. Da ya turo lambar asusu na ga sunan ba irin na shafinsa ba ne, na yi magana. Ya ce na yaron shagonsa ne, nasa asusun yana da matsala. Shaguna nawa ne a kasuwa ke ba ka asusun yaronsu? Kullum muna turawa. Na nemi hoton kwalbar, ya turo. Na nemi shaidar waɗanda suka saya, ya turo bidiyon agwagi suna gudu da saƙonnin godiya. Maigida ma na nuna masa, ya saurari muryar ya ce mutumin ya san aikinsa. Na tura N18,500. Ya ce kuɗin direba N4,000, na tura. Dubu ashirin da biyu da ɗari biyar ke nan a yini ɗaya.

Ranar da ya toshe ni ina tsakar gida riƙe da ta biyun da ta mutu, na ɗauki hotonta na tura masa, sai na ga alama ɗaya kawai, hotonsa ya ɓace. A'a, na tsallake, wannan daga baya ne. Kafin nan akwai maganar N12,000.

Kayan ya ɗauki kwanaki bai zo ba. Yau direba ya lalace a hanya, gobe an sauke a wata tasha. Duk wannan lokacin ga kemis a bakin layinmu, ina wucewa ta gabansa, ban shiga ba saboda an ce min zai ƙona musu hanta. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai, ya fi N34,500 ɗin ciwo. Da ƙanena ya karɓo saƙon a tasha, 'yar kwalbar roba ce a naɗe da baƙar leda, ba irin ta hoton ba. Takardar jikinta an buga ta ne an manna da gam, gefe ɗaya har ya ɗago. Babu lambar NAFDAC, babu ranar ƙarewar aiki, babu sunan kamfani, babu jerin abin da ke ciki. Ruwa ne rawaya, da na girgiza sai gari ya taso daga ƙasa, warinsa na kurkum. Na kira shi a take. Ya ce daga babbar jarka ake ɗurawa don a rage wa talaka tsada. Ga agwagi a kwance, ga kuɗi na riga na biya, na zuba musu a ruwa yadda ya ce.

Ba abin da ya canja sai ƙaruwa. Ta farkon ta daina kai kanta wajen abinci, sai na ɗauke ta na ajiye a gaban kwano. Na gaya masa. Ya ce ciwon ya riga ya shiga ƙashi, sai an haɗa da kashi na biyu mai ƙarfi, asalinsa N20,000 ne amma saboda ni zai bar shi N12,000. "Saboda ke, Hajiya, don na ga kina tausayin dabba." Na tura N12,000. Wannan ko kwalbar ruwan kurkum ɗin ba a turo ba. Ta farkon ta mutu, ta biyu ta bi ta, sannan ya toshe ni. N18,500, N4,000, N12,000. Ya yi min sakiyar da ba ruwa, Allah ya isa tsakanina da shi.

Yayata ce ta matsa min na kwashi sauran a kwali zuwa asibitin dabbobi. Likitan ya juya kwalbar nan a hannunsa, ya buɗe ya shinshina, ya ajiye ta gefe bai ce komai ba. Ya duba ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce lallai ƙarancin niyasin ne. Ya yi min bayani cewa ɗan agwagwa yana buƙatar wajen miligiram 55 na niyasin a kowane kilo na abinci, alhali ɗan tsakon kazar ƙwai kusan rabin haka ya ishe shi, shi ya sa abincin da ke riƙe kaza lafiya yake iya kwantar da agwagwa. Niyasin ɗin da ke cikin masara kuma a ɗaure yake, cikinsu ba ya iya cire shi. Manyan sun fi saurin kwanciya saboda jikinsu na yin nauyi ƙafar ba ta samu abin da za ta ginu da shi ba. Na ce, "Likita, an ce min na kemis yana ƙona hanta." Ya dube ni ya ce, "Hajiya, wa ya gaya miki? Bitamin B mai narkewa a ruwa ne, in an bi ƙa'ida abin da ya yi saura jiki fitar da shi yake yi." Ya rubuta min B-complex, wato haɗin nau'o'in bitamin B har da niyasin ɗin, ya gaya min yadda zan auna a ruwan shansu in riƙa canja ruwan kullum. Abin da na kashe a kemis bai kai kuɗin direban ƙaryar nan ba. Bai kai N4,000 ba, jama'a. Ni kuma na tura N34,500.

Ya ƙara min da wasu abubuwa. Idan yatsun ne suka naɗe ciki, wannan ya fi kama da ƙarancin B2, kuma shi ma yana cikin B-complex ɗin. Ya ce kada in ba ƙanana abincin kaji masu ƙwai, sinadarin kalsiyam ya yi musu yawa, yana taɓa ƙoda. Na ce to ƙuli-ƙuli fa, tunda gyaɗa na da niyasin? Ya ce tana da shi, amma in yi hattara ƙwarai, gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai suna afilatoksin, kuma a cikin tsuntsayen gida ɗan agwagwa ne ya fi saurin mutuwa da ita. Ya fi son in ƙara musu garin busasshen kifi mai tsabta da ganye. Sai kuma maganar da har yanzu take sukana: ya ce wannan ciwon idan aka tare shi da wuri, cikin 'yan kwanaki ake ganin sauƙi, amma idan ƙashi ya riga ya ginu a karkace, babu bitamin ɗin da zai miƙar da shi.

Haka kuwa aka yi. Waɗanda ciwon bai yi nisa da su ba sun tashi, suna bin uwarsu har bakin kwata. Ɗayar da ta daɗe a kwance tana ci tana girma, amma ƙafar hagu ta tafi waje, da ɗingishi take tafiya, sauran na tattake ta wajen abinci sai na ware mata nata kwanon. Lokacin da ya cinye min da "direba ya lalace" shi ne lokacin da ƙafarta ke iya gyaruwa. Ya san haka. Mutumin da ya san manyan ne ke fara kwanciya ya san ciwon ba ya jira. Yana sane ya hana ni shiga kemis don kada N18,500 ta wuce shi.

Na kai ƙorafi banki da shaidar turawa guda uku, sun karɓa sun ce za su bi. Ina da hoton hirarmu tun daga sallamar farko, ina da saƙonnin muryarsa, ina da hoton kwalbar gaba da baya. Zan saka su duka da zarar ƙanena ya rufe min lambar asusuna da ke jiki, ku ji muryar da kunnenku, sannan mai cewa na yi garaje ya faɗa min a wace gaɓa shi zai gane.

Idan ƙafar ɗan agwagwarku ta fara karkacewa, ku kai wa likitan dabbobi da za ku gani ido da ido a ranar. Kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC kada ku karɓa. Wanda ya biyo ku ta akwatin saƙo kada ku tura masa ko sisi.

Kuma bai daina ba. Ƙanena ya duba da wayarsa, shafin na nan, ya canja suna amma farar rigar ce da kazar nan a hannu, yanzu maganin shanyewar ƙafar talotalo da zabi yake talla, N18,500 dai. Bidiyon da ya ɗora a sama a matsayin "kafin magani" nawa ne. Bidiyon agwagwata ce da ta mutu, tana jan jiki da fukafukai a kan tayil ɗin gidana, har ana jin muryar 'yata a ciki. Duk wanda ya taɓa tura wa mutumin nan kuɗi ya yi min magana, mu haɗa shaidunmu mu kai tare.