Obudu ko Mambila: ina za a kai yara hutu su hau doki?

Alhaji, ka ce hutun Disamba kana da mako guda, kana son fita da Hajiya da yara uku, ƙaramarsu 'yar shekara biyar, zuwa wuri mai tsauni da sanyi inda za su hau doki, kuma an ambata maka Obudu da Mambila. Na taka duka biyun. Obudu da iyalina na je, Mambila kuwa ni da babban ɗana muka bi wani aminina da ke da dangi a Nguroje. Bari in faɗa maka abin da na gani.

Wajen sanyi kusan kunnen doki suke. Kowannensu yana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,600, alhali Kanonmu ba ta kai mita 500 ba. Duk wanda ka zaɓa, yaron da ya saba kwana da fanka zai nemi bargo biyu. Wannan tsayi ne ma ya sa dabba ke jin daɗin wuraren, domin ƙudan tsando mai kawo sammore ba ya zama a can sama, shanu da dawaki sai su yi ɓul-ɓul. Inda suka rabu shi ne irin wurin da kowanne yake.

Obudu masauki ne da aka shirya domin baƙo. Yana jihar Kuros Riba, a ƙaramar hukumar Obanliku, dab da iyakar Kamaru. Asalinsa wurin kiwon shanu ne da wasu Turawan Sikotland suka kafa a 1951, daga baya aka gina ɗakunan kwana, aka mayar da shi wurin hutu. A zamanin Gwamna Donald Duke aka yi masa babban gyara, har a 2005 aka kafa motar nan mai rataye a jikin waya, domin ɗaukar mutane daga gindin dutse zuwa sama, tafiyar kusan kilomita 4. Akwai gadar igiya da ke ratsa tsakanin itatuwa a kurmin Becheve, akwai wurin cin abinci, akwai dawaki. Da ka ajiye mota ka karɓi makullin ɗaki, sauran duk da ƙafa za ka kai.

Mambila kuwa ƙasa ce sukutum, mutane na zaune suna harkarsu. Tana jihar Taraba, ƙaramar hukumar Sardauna, hedikwatarta Gembu. Sunan ma yana da tarihi: yankin yana cikin Kamarun Arewa da Ingila ke riƙo, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna Ahmadu Bello. A can za ka ga gonakin shayi na Kakara sun rufe tudu kamar an shimfiɗa koriyar darduma, ga garken shanun Fulani iya ganinka, ga kurmin Ngel Nyaki. A gefen Mambila gandun dajin Gashaka-Gumti yake, mafi girma a Najeriya, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsayi a ƙasar nan, mita 2,419. Wallahi ban ga ƙasa mai kyan Mambila ba a Najeriya. Sai dai babu wanda zai tare ka da jadawali ya ce ƙarfe goma hawan doki, ƙarfe biyu abinci. Kai za ka nemi masauki a Gembu ko Nguroje, kai za ka nemi mai kai ka ko'ina.

To ga maganar dokin, wadda ita ce ta kawo mu. Mu Kanawa idan aka ce doki, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ingarman Hawan Daushe, ya sha ado, yana taku ɗai-ɗai a Ƙofar Kudu, ko na 'yan kilisa da yamma a fili shimfiɗaɗɗe. Dokin tsauni daban ne. Ƙasar ba ta kwanta ba, ciyawar safe jiƙe take da raɓa, hazo kan sauko ya rufe hanya cikin ɗan lokaci. A irin wannan wuri tambayar da ta kamaci uba ita ce: wa ke riƙe da ragama, kuma dokin ya saba da baƙon hannu?

A Obudu, da muka je, ma'aikaci ne ya ɗora 'yata, ya riƙe ragamar, ya zagaya da ita a hankali ya dawo. Dokin ya saba da yaran da ba su taɓa hawa ba, mai ihu da mai ƙanƙame sirdi duk ya gani. Gajeren hawa ne, kuma wanda ya iya doki ba zai ƙoshi da shi ba. Amma ga 'yar shekara biyar, hawan ke nan da ya dace da ita, uwarta na tsaye tana kallo hankali kwance.

A Mambila doki abin aiki ne. Makiyayi na hawansa ya duba shanu, ya je kasuwa, ya tsallaka rafi. Wanda muka hau aro ne daga mai masaukinmu, Allah ya saka masa da alheri, kuma dokin ubangijinsa kaɗai ya sani. Ɗana yana da shekara goma sha biyu a lokacin, ya ɗan iya hawa. Muna gangara wani tudu sai sirdin ya zame gaba zuwa wuyan dokin, domin ban sake duba majayi ba bayan mun yi nisa, kuma doki kan kumbura ciki lokacin ɗauri, in ya saki sai majayin ya yi sako-sako. Yaron makiyayin da ke tare da mu ne ya yi wuf ya kama linzami. Ba abin da ya faru, alhamdu lillahi, amma har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Duk da haka, wunin nan da muka yi a kan doki, daga ruga zuwa ruga, ana tarbarmu da kindirmo mai sanyi, shi ne hawan da ɗana bai daina labarinsa ba. Irin wannan ba a sayar da shi a masauki.

Hanya kuwa, kowacce doguwa ce, kar wanda ya ruɗe ka. Ta Obudu daga Kano sai ka bi Lafiya, Makurɗi, Gboko, ka shiga garin Obudu, sannan ka ƙara wajen kilomita 60 kafin wurin kansa. Ƙarshenta hawa ne na kusan kilomita 11 mai lanƙwasa 22 kamar maciji. Ta Mambila kuwa Gombe za ka nufa, ka bi Numan, Jalingo, Bali, Serti, sai a Mayo Selbe a fara hawan, inda akwai wanda ake kira Hawan Biyu da Sisi. Ta Mambila ta fi cin rai, kuma da yara dole ka kwana a Jalingo. A mako guda, kwana huɗu sun tafi a mota, ka ga saura uku. Ko ta Obudun ina ba ka shawara ka raba ta biyu, ka kwana a Makurɗi. Kowacce ka bi, kada ka yi tafiyar dare, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a makon da za ka tashi, a duba maka birki tun daga Kano, kuma wajen saukowa ka sa mota a ƙaramar giya, kada ka dogara da taka birki har ya yi zafi. Ka tanadi leda da lemon tsami, lanƙwasar hanyar nan na sa yara amai.

Inda Mambila ta yi wa Obudu fintinkau shi ne zaman Hajiya da natsuwarku. A Nguroje da Gembu za ka ji kiran salla, za a yi maka Hausa da Fulatanci, nama yankan Musulmi ne, ba ka da fargabar abin da ke cikin tukunya. A Obudu mu da guzurinmu muka tafi: kilishi, dambun nama, garin kunu, gasarar koko, sai mu nemi shinkafa da ƙwai ko kifi a can. Salla a ɗaki muka riƙa yi, da ƙasaru irin ta matafiyi. Ba wanda ya takura mana, mutanen kirki muka tarar, amma baƙunta ce sosai, gara ka sani tun yanzu.

Da ni ne kai, da wannan mako guda da wannan ƙaramar yarinya, Obudu zan nufa. Mambila ka ajiye ta sai yaran sun tasa, ka samu kwana goma da mai masaukin da ka yarda da shi, wanda zai zaɓa muku doki mai sanyin hali ya haɗa ku da yaron da zai ja. Kafin ka biya kuɗin ɗaki a Obudu, ka kira ka tambayi abu uku da bakinka: dawakin suna nan kuma ana hawa, motar wayar tana aiki a wannan lokacin, sannan akwai ruwan zafi a ɗakin. Ƙarshen shekara lokacin cika ne, ka kama ɗaki da wuri.

Sannan kar ka bari ranar farko da yaranka za su taɓa doki ta zama a kan dutse. Kano garin dawaki ne. Ka nemi wani mai barga a unguwarku ko cikin 'yan kilisa, ka kai su sau uku ko huɗu da yamma, su koyi zama a sirdi, su san ba a tsayawa bayan doki, ba a yi masa ihu, kan yatsu kaɗai ake sa wa a likkafa don kada ƙafa ta maƙale. A koya musu in ana hawa tudu a ɗan sunkuya gaba, in ana gangara a ɗan kwanta baya. 'Yan matan su sa wando a ciki da ƙaramin hijabi, domin dogo iska na kaɗa shi ya firgita doki, ko ya sarƙe a sirdi. Ka saya wa kowannensu hular kwano daidai kansa ka tafi da ita, kada ka sa ran samu a can. Majayi kuwa, kai da hannunka za ka duba shi, kafin a hau da kuma bayan an ɗan taɓa tafiya.

Rigunan sanyi masu kauri da safa da hular ulu, ka leƙa 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai tun kafin hunturu ya kankama su yi tsada. Ka haɗa da takalmi rufaffe mai ɗan dunduniya ga kowane yaro, silifas ba ya zama a likkafa.